Zangarnun Bakin Faƙo

Duk wanda ya zauna Taloka a shekarun nan ya san Mode, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Manomi ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma fa wallahi ba ka gama gaisawa da shi bai sako maka zancen dawarsa ba. Ka ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya, dawa ta yi ciki. Ko wurin gaisuwar mutuwa ka tarar da shi, in ba ka yi hanzarin shafa fatiha ka tashi ba, sai ka ji tsawon zangarniyar bara.

Dawar nan ba shi ya samo ta ba. Ta ubansa ce, Lauwali, shi ya sa daga Goronyo har Wurno ake kiranta 'yar Lauwali. Fari ne ya yi mata suna. A babban farin nan da ya kashe shanu, tun ba a fara zancen gina dam ba, gonakin tudu suka ƙone ƙurmus, ta Lauwali ce ta fid da kai. Ba wani amfanin a zo a gani ta yi ba, kada in yi muku ƙarya, amma gidan bai kwana da yunwa ba har ruwa ya dawo. Da damina ta matso, mutane suka yi ta sallama suna neman iri. Iri kuwa a ƙasar nan ba a hana shi. Ko ba kwa ga-maciji da mutum, muddin ya tsaya ƙofar gidanka ya ce iri ya kawo shi, sai ka shiga rumbu ka ɗebo masa.

Lauwali yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci wa Mode rai. Kowace kaka, kafin a kwantar da kara, tsohon kan ɗauki wuƙa ya zaga gona yana cire zangarnun iri, Mode da yayarsa Habi na biye da kwanduna. Ya yanki manya, ya yanki matsakaita, wannan duk daidai. Sai kuma ya miƙe gabas, can inda gona ta ƙare ta haɗu da faƙo, ƙasa tauri kamar daɓen ɗaki, ya shiga yankan waɗansu abubuwa da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya ci. Gajeru ne, masu lanƙwasasshen wuya, wata ja, wata baƙa-baƙa, wata ma tsuntsu ya cinye rabinta don ta riga kowa nuna.

Mode yana da gemu a lokacin, har ya yi aure, amma kowace shekara sai ya tanka. Ya ɗaga wata ya ce, "Baba, har wagga?"

"Sa ta."

"To mi za ta ƙara ga iri?"

"Na ce sa ta."

Iyakar bayanin ke nan. Lauwali ba mai yawan magana ba ne, har mutane kan ce ya tara tasa ne ya bar wa ɗansa gado. Mode ya yanke a ransa cewa tsumulmular tsofaffi ce kawai, irin ta wanda ya taɓa ganin yunwa, ba ya iya kallon ƙwaya ta tafi a banza.

Shekarar da aka gama dam tsohon ya kwanta ciwon ajali. Ya kira Mode, ya kama hannunsa ya ce, "Dawag ga amana ce gare ka. Kada ta ɓace hannunka." Habi tana zaune a gefen gado, ta zo jinya daga Giyawa inda take aure, ita ba a ce mata komai ba. Da za ta koma bayan sadakar bakwai ta ɗauki dami guda daga rumbu, kamar yadda kowace ɗiya kan ɗauka, ba wanda ya ko waiwaya.

Dam ya zo da sabuwar duniya. Mutanen da suka saba zaman jiran hadari suka wayi gari ga ruwa yana gudu da rani, ga shinkafa, ga albasa, ga alkama. Mode ya sami gona a kwari, kusa da hanyar ruwa, ƙasa baƙa mai riƙe laima. Gonar tudu ya bar wa sabara da awakin gari. Amma bai manta da amana ba. Kowace damina sai ya ware gefen sabuwar gonar, inda ruwa ba ya kwanciya, ya shuka 'yar Lauwali.

Kakar farko ya ɗauki wuƙa ya shiga cire iri shi kaɗai, ba mai cewa sa ta. Ya zaɓi manya zalla, farare, masu cikar kai. Da ya zo kan wata gajera mai lanƙwasasshen wuya ya yi tsaki ya wuce. A ganinsa girmama uba ke nan, ai ba a riƙe amana da tarkace. Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi. Haka ya yi shekara ta biyu, haka ta uku, har shekara goma sha huɗu.

Kai, ku zo ku ga dawa! Tsayi ɗaya, launi ɗaya, kowace zangarniya ta kai damtsen ƙato. Masu wucewa kan hanyar Goronyo kan tsayar da jaki su yi kallo. Mode ya tsaya bakin kunya, hannu a ƙugu, ya ce da Baba na da rai da ya ga yadda aka gyara masa 'yarsa. Duk wanda ya nemi iri kuwa ya ba shi har da ƙari, da dogon jawabi kyauta.

A ranin shekara ta goma sha biyar baƙi biyu suka zo masa a kan dawar nan. Na farko wani malamin gona ne mai suna Levi, mutumin wajen Zuru, siriri, a kan tsohon mashin da ake jin tarinsa tun daga bayan gari. Yawo yake ƙauye-ƙauye yana tattara tsofaffin irin dawa a 'yan jakunkunan takarda, kowace da lamba. Ya ce akwai masu aikin fid da sabon iri don ƙasar da ruwa ke yi wa rowa, kuma ba su da abin da za su yi aiki da shi sai abin da tsofaffi suka bari.

Mode ya ji daɗi har kunne. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, ya ɗauko zangarniyar da ta fi kowace ya ɗora wa Levi a cinya. Ya ce, "Ka zo gidan, malam. Duk inda kaj ji an ce 'yar Lauwali, nan am mafari."

Levi ya juya zangarniyar ya yaba, sannan ya ce, "Na samu wata ma a Giyawa, wurin wata dattijuwa, Habi. Ita ma haka ta kira ta."

Mode ya yi dariya har da buga cinya. "Yayata ce! Allah sarki, Yaya Habi. Malam, ai wannan ba iri ba ne, sharar masussuka ce. Ja, baƙi, dogo, gajere, duk ta haɗa. Na sha ce mata ta zo in ba ta na kirki, ta ƙiya. Kada ka ɓata takardarka."

Levi ya yi murmushi ya ce takarda ba ta da wuya. Ya zuba nasa a jaka, ya rubuta lamba, ya tada mashin ya tafi.

Baƙo na biyu ba baƙo ba ne, Zayyanu ne na Lahodu, ɗan gwaggon Mode, taubashinsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba, kuma ba su taɓa rabuwa da fushi ba. Ya shigo zaure yana cewa ina malalacin nan da dam ke yi wa noma. Mode ya ce ga shi nan, wane mayunwaci ne daga tudu. Sai da suka gama wannan Zayyanu ya faɗi abin da ya kawo shi. Gara ta shiga rumbunsa ta ƙasa, ta cinye damman iri, bai farga ba sai da ya je saukewa.

Mode ya ce, "Wagga ce matsala? Tashi mu je rumbu."

Zayyanu ya tsaya yana kallon zangarnun da ake sauko masa da su. Ya ce, "Mode, ka san ƙasata. Jigawa ce, ba irin taka ba. In ruwa ya ɗauke da wuri fa?"

Nan fa Mode ya hau. "Kai, ji mini mutum! Dawar da tac ci da mu shekarar da shanu sunka mutu ita kake wa tambaya? Bakin faƙo anka haife ta. Shuka ta, ka rufe ido. In ta ba ka kunya, ka zo ka aske mini gemu tsakiyar kasuwa."

Zayyanu ya yi dariya ya ce zai wasa aska tun yanzu. Ya ɗaure damman a bayan kabu-kabu ya koma Lahodu. Da ruwan shuka ya sauka, ya bar wa gero ɗan gefe kaɗan, sauran gonar kaf ya zuba mata 'yar Lauwali, saboda maganar Mode.

Daminar ta fara lafiya. Aka yi noman fari, aka yi maimai, dawa ta rufe mutum. Sai kuma ruwa ya ɗauke, saura kamar mako uku ya kai inda ya saba tsayawa. Hadari ya haɗu da la'asar, a ji iska mai sanyi, a kwashe shanya, sai ya watse. Mode ya ji ana zancen a masallaci, ya yi addu'a tare da kowa, amma abin bai taɓa shi ba. Ƙasarsa na riƙe da laima, dawarsa ta fid da kai, ta yi bununi, ta cika kamar kullum.

A kasuwar Goronyo wani mai sayar da igiya daga Lahodu ya ce masa, "Ka ko leƙa ɗan'uwanka?" Yadda ya faɗa ɗin ne ya sa Mode bai tambayi dalili ba. Washegari da hantsi ya hau kabu-kabu.

Tun daga nesa ya gane gonar, don ta fi ta kowa tsayi. Ya sauka ya matso kusa. Kara ne tsaye reras, tsayi ɗaya, ganye ya bushe ya naɗe. Kowace ta yi ciki, ba wadda ta haihu. Ya kama ɗaya ya ɓare, ya tarar da zangarniyar a ciki, fara, laushi, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya ɓare ta biyu, ya ɓare ta goma. Ya ratsa gonar daga wannan kai zuwa wancan yana neman ko guda da ta yi sauri ta tsira, bai samu ba. Duk rana ɗaya suka yi niyyar fitowa, kuma ranar ba ta zo ba.

Zayyanu yana zaune gindin wata aduwa a bakin gona. Ya tashi ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi hanya. Bai ce malalaci ba, bai yi zancen aska ba. Wannan ladabin ya fi zagi yi wa Mode ciwo, don tunda suke Zayyanu bai taɓa gaishe shi kamar baƙo ba.

Mode ya ce, "Ko ka yi lattin shuka?"

"Da ruwan fari na shuka."

"Taki fa?"

"Shanun makiyaya sun kwana wata guda cikinta da rani." Zayyanu ya dubi gonar, ya dubi ƙasa. "Ban ce ka yi mini ƙarya ba, Mode. Ni ma na ci tuwonta shekarar yunwa, gidan kawu. Amma wadda nis sani ba haka take ba. Waccan in ka shiga, wata ta kai maka ƙugu, wata ta wuce kanka."

Mode ya sake duban busasshiyar gonar. Gidan Zayyanu baki goma sha ɗaya ne, Mode ya san su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma shi ya yi musu huɗuba. Ya yi sallama ya juya, kunya da tsoro suna cinsa, don har lokacin bai gane abin da ya faru ba.

Bayan kwana uku sai ga tarin mashin ɗin Levi a ƙofar gida. Ya ce ya shuka duk irin da ya tattara a wani fili na tudu kusa da Rabah, kowane da layinsa, ba ban-ruwa, ba gata, kuma yana so Mode ya zo ya gani da idonsa. Da a ce bara ne da Mode ya sa babbar riga. Ranar haka ya hau bayan mashin da rigar gona.

Filin yashi ne da tsakuwa, an jera layuka sun fi arba'in, kowane da ɗan katako mai lamba. Wasu sun mutu, wasu sun yi rabi. Mode bai buƙaci a nuna masa nasa ba. Ga shi can, ya fi kowa tsayi da tsari, a bushe, da cikinsa a rufe, kamar an ɗauko gonar Zayyanu an yanko layi guda. Ya kau da kai.

Da ya kau da kan ne idonsa ya faɗa kan wani layi, uku tsakaninsa da nasa. Layin ba shi da kyan gani ko kaɗan. Dogayen cikinsa sun bushe kamar nasa. Amma a ƙarƙashinsu ga waɗansu gajeru sun sunkuyar da wuya saboda nauyi, wata ja, wata baƙa-baƙa, wata an ɗaure mata tsumma don tsuntsu. Mode ya taka a hankali ya durƙusa. Ya tallabi wata ja mai lanƙwasasshen wuya, ya murza, ƙwaya ta zubo masa a tafi, ƙanana, masu tauri. Shekara goma sha huɗu rabon da ya riƙe irinta, amma hannunsa bai manta ba. Gonar ubansa ce ya gani a layi guda.

Ya ce, "Ta wa ce wagga?" Ya san amsar.

Levi ya ce, "Ta Giyawa ce, ta yayarka." Ya tsuguna kusa da shi. "Malam Mode, abin da ta ba ni bai fi cikin tafi biyu ba, amma da ya fito na ƙirga dawa iri bakwai a ciki. Wata na nuna da wuri, wata sai ta sha ruwa ta ƙoshi. Shekarar ruwa dogayen su cika rumbu, waɗannan ƙananan ba mai kula su. Shekara irin ta bana kuwa, ga su nan, su suka rage."

"Tawa fa?"

Levi ya sassauta murya, don mutum ne mai kara. "Taka iri ɗaya ce. Mai jiran ruwa."

Mode ya zauna daɓas a kan yashi. Ba wanda ya sace masa, ba gara, ba gobara. Shi da hannunsa, da wuƙarsa, kowace kaka ya bi sauran shidan yana tsaki yana wucewa. A kwari kuwa mai jiran ruwa ita ke fin kowa girma, don haka ita yake ɗauka, ita kaɗai, har ta rage ba kowa sai ita. Abin da ya ci da su shekarar yunwa ba manyan ba ne. Waɗanda yake ɗagawa yana cewa har wagga, su ne.

Levi ya ce, "Kada ka ce ka yi aikin banza. Dawarka ta kwari ce mai kyau, ban ga kamarta ba, kuma za ta yi amfani a inda ruwa yake."

"Amma ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce," in ji Levi.

Mode ya shiga tuna waɗanda ya ba iri a 'yan shekarun nan, yana cika musu baki. Akwai na Rabah, akwai na Wurno, akwai wani Bafillace da ya zo tun daga bakin daji. Duk sun tafi da suna, ba su tafi da dawar ba. Hawaye ya zo masa, bai ɓoye ba. Ya ce, "Baba cewa yay yi kada ta ɓace hannuna. Hannun nawa ko shi yaɓ ɓatar da ita."

Levi ya ce in an girbe zai iya ɗebar masa kaɗan daga layin. Mode ya share fuska da hannun riga ya girgiza kai. Ya ce iri wurin mai shi ake roƙonsa, kuma mai shi tana Giyawa.

Ya iske Habi a gonarta da safe, ita da kwando da wuƙa, ta fara cire iri. Ta tsufa, ta ƙanƙance, amma bakin nan yana nan yadda ya san shi. Gonar kuwa abin tausayi, rabi a bushe, rabi a sunkuye, ba layin da ya yi daidai da ɗan'uwansa. Amma akwai abin girbi a ciki.

Ta ɗago ta gan shi, ta dafa ƙugu. "A'a! Sarkin noman kwari da kansa? Lafiya? Ko ka zo kallon sharar masussuka?"

Ashe maganar ta iso. A ƙasar nan ba abin da ke riga zancen Mode tafiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar da ya daɗe bai yi mata irinta ba, sannan ya ce, "Yaya, iri ya kawo ni."

"Mi kac ce? Kunnena ya yi nauyi."

"Iri ya kawo ni, Yaya. Na zo roƙon 'yar Lauwali."

Habi ta dube shi da kyau. Ta so ta ƙara ja masa rai, an ga alama a bakinta, amma da ta ga idonsa sai ta fasa. Ta ce ya tashi, ƙasa da ƙaya. Nan tsaye ya kwashe duka ya gaya mata, da gonar Zayyanu, da filin Rabah, da iri bakwai. Ba jawabi, ba ƙari, kamar ba Mode ba. Da ya gama ya ce, "Ke ya akai kinka sani? Baba ya gaya miki dalili?"

Ta ce, "Wane dalili? Baba na gaya wa mutum dalili? Ni ban san bakwai ba, ban san takwas ba. Na ga shina zuwa bakin faƙo shina yanka, ni ma ina zuwa ina yanka. Kai ne mai wayon tambaya." Ta juya wuƙar a hannunta, muryarta ta sauka. "Ina zaune nan gefen gado yak kama hannunka. Ni ko kallona bai yi ba. Wallahi ya yi mini ciwo, Mode, shekara da shekaru ban faɗa ma kowa ba. Dami guda na ɗauka, shi ma ban tambayi kowa ba, don kada a ce a'a."

Mode ya sunkuyar da kai. Bai taɓa tuna cewa tana ɗakin ba ma.

Ya ce, "Ki yafe mini, Yaya."

"Kai ba ka yi mini komi ba. Zayyanu za ka roƙa."

"Daga nan can za ni. Na sa a kai mishi dawata buhu-buhu, ta ci, ba ta shuka ba. Ta shuka wurinki za ta fito, tashi da tawa, in kin ba ni. Sauran waɗanda nib ba kuma sai in bi su ɗaya-ɗaya in gaya musu."

Habi ta ce, "To ka sami abin yi da bakin nan naka." Ta miƙa masa wuƙar, ta ɗauki kwandon ta ɗora a ƙugu. "Ba na ba ka daga rumbu. Wuce gaba ka yanka da kanka, ina biye."

Suka shiga gona, shi a gaba ita a baya. Ya yanki 'yan dogayen da suka samu suka cika, ya yanki matsakaita. Sau biyu hannunsa na zarcewa wurin mafi girma, Habi na gyaran murya, yana dawowa. Suka yi ta tafiya har ƙasa ta fara tauri a ƙarƙashin ƙafa, kara ya gajarce, suka iso inda gonar ta haɗu da faƙo.

A can ƙarshe akwai wata guda, ko ƙugunsa ba ta kai ba. Wuyanta a lanƙwashe, launinta ja mai duhu, tsuntsu ya cinye gefe ɗaya. A duk gonar ba wadda ta kai ta muni. Mode ya sunkuya ya yanke ta, ya ɗaga, ya juyo wurin yayarsa. Bai yi niyyar magana ba, bakin ne ya riga shi.

"Har wagga?"

Habi ta matso da kwandon. Idonta ya kawo ruwa.

"Sa ta," in ji ta.

Ya sa ta.